Zanen Da Ke Yaudarar Ido Biyu

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma a kan wannan magana muke kafa shaida a kasuwa da gaban alƙali. To amma akwai wani nau'in zane da ke yawo a intanet wanda ya isa ya sa mai karatu ya sassauta. Ɗige-ɗige ne ko layuka baƙi da fari a fuskar waya, ka taɓa da yatsa su motsa, sai ka ga rami ya buɗe, ko wata ƙwallo ta taso kamar za ta faɗo maka a cinya. Gilashin kuwa yana nan a shimfiɗe, ko lotsawa bai yi ba.

Tushen lamarin a fuskarmu yake. Tsakanin idanun baligi akwai tazarar kimanin santimita 6 da rabi, don haka hoton da idon dama ke ɗauka ya ɗan saɓa da na hagu. Miƙa babban yatsanka, ka rufe wannan ido sannan wancan, za ka ga yatsan ya yi tsalle. Daga wannan ɗan saɓani ƙwaƙwalwa ke lissafa nisa da zurfi. Charles Wheatstone na Ingila ya bayyana haka a 1838, da wata na'ura mai madubai biyu da ke ba kowane ido nasa zane.

Wanda ya fi burge ni shi ne Béla Julesz, ɗan Hungari da ya yi aiki a Bell Labs a Amurka. A 1960 ya wallafa hotuna biyu na ɗige-ɗige da kwamfuta ta watsa barkatai, iri ɗaya sak, in ban da wani yanki a tsakiya da aka ɗan gusar gefe. Ido ɗaya ba ya ganin komai sai tarkace. Da zarar an ba kowane ido nasa, sai siffa mai kusurwa huɗu ta taso tana shawagi. Ma'ana, ƙwaƙwalwa na auna zurfi tun kafin ta san me take kallo. A 1979 Christopher Tyler ya cusa dabarar cikin hoto guda, daga nan littattafan Magic Eye suka samo asali.

Masu zane irin su Victor Vasarely da Bridget Riley, waɗanda baje-kolin birnin Niyok na 1965 ya ɗaukaka, ta wata hanyar suka bi, wato cunkoson layuka da saɓanin launi. Yawancin zanen waya mai motsi jikokinsu ne, domin waya hoto ɗaya take ba idanu biyu. Motsin ne ke ƙirƙiro zurfin, ko da ido guda ma za a gani. Masu tallata su kan cakuɗa abubuwan biyu, kuma a ganina kuskure ne.

Inda motsi da ido biyu suka haɗu da gaske shi ne abin da Bajamushe Carl Pulfrich ya bayyana a 1922. Ɗaura dutse a zare, ka kaɗa shi dama da hagu, ka rufe ido ɗaya da baƙin tabarau amma ka bar duka biyun a buɗe. Dutsen zai koma kewaye, yana matsowa yana nisa. Saƙon idon da ke cikin duhu kan makara da ɗan ƙanƙanin lokaci, ƙwaƙwalwa kuma ta fassara makarar a matsayin zurfi. Pulfrich kansa ido ɗaya ne ke gani gare shi, bai taɓa ganin abin da ake kira da sunansa ba.

Wannan ne ya sa ban ɗauki batun wasa ba. Duk sa'ad da na nuna hoton Julesz a aji, ba a rasa ɗalibin da zai rantse bai ga komai ba. Wani rashin sabo ne, wani kuwa idanunsa ba su taɓa aiki tare ba. Yaro mai harara-garke ƙwaƙwalwarsa kan yi watsi da ido ɗaya don kada ya riƙa ganin abu biyu-biyu, kuma binciken Hubel da Wiesel, wanda ya ba su kyautar Nobel a 1981, ya nuna ƙuruciya ce lokacin da jijiyoyin gani ke kafuwa. Susan Barry ta Amurka ta samu ganin zurfi tana da shekara 48, amma irinta ba su da yawa. Mu kuwa sai mu ce yaro zai warware da kansa, alhali likitocin ido da irin waɗannan ɗige-ɗige suke gwada yara cikin 'yan mintuna. Da ni za a tambaya, da an sa wannan gwaji a ajin farko na firamare.

Manya ma ba su tsira ba. Mai yanar ido a gefe guda yakan faɗa yaudarar Pulfrich ba tare da tabarau ba, ya ga motar da ke tahowa kamar ta karkato kansa alhali a layinta take. Wani lokaci likita kan ɗan duhunta gilashin lafiyayyen idon don saƙonnin biyu su iso tare, kafin a kai ga cire yanar.