Furen da Attajiri Ya Rataye a Bango

A gidan adana zane-zane na National Gallery da ke Landan akwai wani zanen furanni na Jan van Huysum, ɗan ƙasar Holan, wanda ke ɗauke da shekaru biyu, 1736 da 1737. Furannin da ya tara a tulu ɗaya ba sa fitowa lokaci guda: tulif na buɗewa a Afrilu da Mayu, wardi sai an shiga Yuni. Dole ya jira kowanne ya yi lokacinsa. Wato wannan dami na furanni bai taɓa zama a kan wani tebur ba.

Masana sun saba fassara irin waɗannan zane-zane da cewa wa'azi ne. Ga ganyen fure ya faɗi, ga ƙuda ya sauka, ga tsutsa tana cin ganye, duk don tunatarwa cewa duniya budurwar wawa ce. Fassarar tana da tushe, amma ba ta cika ba. Masu sayen zanen attajirai ne na Amsterdam da sarakunan Turai, kuma da tsada suke saye. Rachel Ruysch, wadda ta rayu daga 1664 zuwa 1750, ta yi wa fadar Düsseldorf aiki, ta kuma yi arziki da zanen fure. Wanda ya zuba dukiya ya rataye gargaɗi kan dukiya a zaurensa, ya haɗa tsoron mutuwa da nuna isa.

Tulif ya fi kowane fure tona wannan asiri. Kafin kasuwarsa ta rushe a Fabrairun 1637, wanda ya fi daraja shi ne Semper Augustus, fari mai zane-zanen ja. Sai a ƙarni na 20 aka gano cewa ƙwayar cuta ce ke haifar da wannan ado, kuma ita ce ke raunana shukar. Irin ya ƙare ƙurmus, yau a zane kaɗai ake ganinsa.

Saboda haka mai kallo bai kamata ya tsaya ga wa'azin ba. Masu zanen sun yarda kyau ba ya ɗorewa, duk da haka suka ɓata watanni suna adana shi ganye bayan ganye. Wannan taurin kai ne ya sa har yanzu ake tsayawa a gaban tulun van Huysum.