Filin Kimiyya: Shingen Da Ido Ba Ya Gani

A wannan mako sama za mu ɗaga kai. Taurari ba a warwatse suke barkatai ba, garke-garke suke, ranarmu ma 'yar wani garke ce mai taurari fiye da miliyan dubu 100, yana juyawa kamar faifai.

A shekarar 1970, Vera Rubin da Kent Ford na Amurka suka auna juyawar garken Andromeda, maƙwabcinmu. Daga bisani awon garkuna da dama ya nuna taurarin bakin garke suna gudu daidai da na ciki, alhali kuwa da nauyin abin da ake gani ne kaɗai yake riƙe da su, da tuni sun ɓalle. Ashe kowane garke yana zaune ne cikin wani makeken shinge na ɓoyayyen nauyi, wanda ba ya haske, sai dai a gane shi ta jan da yake yi. Fritz Zwicky ya faɗi makamancin haka tun 1933, aka yi kunnen uwar shegu da shi.

Shingen ne ya riga garken zuwa. Bisa bayanin da Simon White da Martin Rees suka gabatar a 1978, ɓoyayyen nauyin ne ya fara dunƙulewa, iskar gas ta gangara cikinsa, ta huce, ta zama taurari. Ƙananan shingaye suka riƙa haɗewa suna zama manya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, girman shinge ba shi ne yawan albarka ba. Ƙaramin shinge ba ya iya riƙe iskarsa, fashewar manyan taurari kan fatattake ta. Ƙato kuwa, baƙin ramin da ke tsakiyar garkensa kan zafafa iskar har ta kasa hucewa. Matsakaici irin namu, mai nauyin rana miliyan sau miliyan, shi ne gwanin haihuwa. Ganiyar haihuwar taurari ma ta wuce tun shekaru kimanin miliyan dubu 10 da suka shige.

To, amma da sauran rina a kaba. Madubin hangen nesa na James Webb, wanda aka harba a Disambar 2021, ya hango garkuna masu tsananin haske tun sararin samaniya bai cika shekara miliyan 300 ba, lokacin da shingaye suke ƙanana. Yadda suka yi wannan haske da wuri haka, masana suna ta muhawara a kansa.