Doguwar Ciyawa Ba Ita Ce Ƙoshi Ba

Akwai wata magana da ba ta barin bakin waɗansu ma'aikata da manyan gari a ƙasar Nijar. Suna cewa makiyaya su daina yawo, su zauna wuri ɗaya a kudu, inda ruwan sama ya fi yawa, ciyawa kuma takan kai ƙirjin mutum. Masu faɗin haka da ido suke auna wurin kiwo. Da sun tambayi Bafillace ko Buzu abin da yake kai shi arewa kowace damina, da ba su faɗa ba.

Ga yadda abin yake. Ciyawa tana bukatar ruwa, tana kuma bukatar abincin da take tsotsa daga ƙasa, musamman nitrojin da fosforas. Daga 1976 zuwa 1980 masana na Mali da na Holan suka yi bincike wajen Niyono, a ƙasar Mali. Suka tarar cewa inda ruwan shekara ya wuce kamar milimita 300, ƙarancin abincin ƙasa ne yake tsai da ciyawa fiye da ƙarancin ruwa. A kudu ruwa yakan sa ciyawa ta yi tsawo, amma ɗan abincin da ke cikin rairayi sai ya watsu a cikin kara mai yawa, kamar nono kaɗan da aka dama da ruwa tulu guda. Kafin kaka ta yi tauri, saniya ta cika ciki da ita, duk da haka tana ramewa. A arewa kuwa, wajen Abalak da Ingal, ciyawar gajera ce, ba ta da yawa, amma tana da ƙarfi. Can shanu suke yin ƙiba, nono ya sauko, su kuma lashi ƙasa mai gishiri. Sa'ad da tafkuna suka ƙafe sai su gangaro kudu, su ci karan gero da harawa, su bar taki a gonaki. Ashe yawon nan da ake zargi lissafi ne.

In an yi maganar lalacewar wuraren kiwo, nan da nan sai a ce fari ne. Lalle farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi ba adadi, sun kuma kashe gamba a wurare da yawa. Amma ruwa ya ƙaru bayan waɗannan shekaru, gamba kuwa ba ta koma ko'ina ba. A filayen kudu da aka matse, inda dabbobi suke tattake wuri ɗaya rani da damina, garmani ne ya mamaye, wanda shanu ba su so. Wa zai ce girgije ne ya kawo wannan?

Tun 1961 aka yi doka wadda ta sa wa noma iyaka ta arewa, domin a bar wa dabbobi abin da ke bayanta. Gonaki sun daɗe da ƙetare ta, har arewa da kwarin Tarka a ƙasar Dakwaro. Talakan da ya share gona can ba mugu ba ne, yunwa ce da rashin fili suka kora shi. Amma ƙasar ba ta ɗaukar gero. Yakan samu shekara biyu ko uku, sa'an nan iska ta kwashe rairayin, a rasa gero, a rasa ciyawa. Masu laifi su ne waɗanda suka san doka, suka sa hannu aka raba filin, ko attajiran da suka kewaye daji da waya.

Dokar kiwo ta 2010 ta ce tafiya da dabbobi hakki ne na makiyaya. To, sai a buɗe burtalin da aka nome, a kafa masa alamu da kowa zai gani, a kuma hana masu amalanke kwashe busasshiyar ciyawar daji ƙaƙaf zuwa birni, gama ita ce take rufe ƙasa da irin da ke cikinta har ruwan fari ya sauka.