Layin da ido ya gani, manhaja ba ta gani ba

Duk na'urar da ke aljihunka ko kan teburinka tana da wani allo a cikinta, galibi kore, mai ɗauke da siraran hanyoyin jan ƙarfe da ke kai wuta daga wannan kaya zuwa wancan. Shi ne masu gyaran wayar hannu ke kira fanel. Kafin a buga shi a masana'anta sai an zana shi a kwamfuta, kuma manhajar da ɗalibai da ƙananan injiniyoyi da yawa suka raja'a a kanta a yau ita ce KiCad, wadda Bafaranshe Jean-Pierre Charras ya fara a 1992, cibiyar binciken CERN kuma ta shiga tallafa mata daga 2013. Kyauta ce. Farin jininta ya ƙaru tun da kamfanin Autodesk ya sanar cewa zai daina sayar da Eagle, tsohuwar kishiyarta, a watan Yunin 2026.

Kukan da aka fi ji daga masu koyonta iri ɗaya ne: na haɗa ƙafar nan da waccan a zane, amma da na koma kan allo haɗin ya ɓace. Daga nan sai a ɗora wa manhajar laifi. Ni a ganina, a mafi yawan lokuta ba ta da laifi, kuma ɓacewar haɗin ma ba ita ce babbar matsalar ba. Babbar matsalar ita ce ɗabi'ar toshe bakin manhajar idan ta yi gargaɗi.

Sai an fara gane cewa manhajar ba ta kallon zane yadda mutum ke kallonsa. Aikin hawa biyu ne. A hawa na farko ana zana alamomin kayan, resisto da kafasito da transisto, ana ja musu layuka. Daga wannan zanen manhajar ke fitar da wani jeri: ƙafa ta kaza ta kaya kaza tana tare da ƙafa ta kaza ta kaya kaza. A hawa na biyu, kowace alama tana samun sawunta, wato ainihin siffar guraben da za a ɗora ƙafafun kayan a narka musu dalma. Abin da kawai ke tsallakawa daga hawa na farko zuwa na biyu shi ne wancan jerin. Idan haɗi yana cikinsa, za a ga wani siririn zare ya miƙe tsakanin guraben biyu yana jiran a shimfiɗa masa jan ƙarfe. Turawa suna kiran tarin waɗannan zaruruwa sheƙar ɓera. Idan ba ya cikinsa, komai kyan layin da aka ja a zane, kallon kitse ake yi wa rogo.

Ta ina haɗi ke zubewa? Mafi yawa ta wurin tazarar ɗigogin shafin zane. Ƙafafun alamomin KiCad an tsara su a kan tazarar milimita 1.27. Mai zane ya sauya tazarar don ya matsar da wani rubutu, ya manta bai mayar ba, sai layinsa ya tsaya gab da ƙafa, saura ƙiris da ido ba ya gani. Manhajar tana nuna hakan, sai dai da ƙaramar murya: ƙafar da ba a haɗa ba tana da ɗan da'ira a bakinta, layin da ke reto kuma yana da ɗan murabba'i a ƙarshensa. Haka nan layuka biyu da suka gitta juna ba su haɗu ba sai an ga ɗigon mahaɗa a kansu. Sai kuma sunaye. A ɗakin ajiyar KiCad akwai alamar wuta mai suna +3V3, akwai kuma +3.3V. Ga mutum abu ɗaya ne. Ga manhaja hanyoyi biyu ne da ba su san juna ba, don haka rabin allon zai samu wuta, rabin ya zauna a duhu. Sunan da aka liƙa wa layi a shafi ɗaya ma ba ya ƙetarawa zuwa wani shafin sai an ba shi nau'in laƙabin da ke game dukkan shafuka.

Waɗannan duka masu sauƙi ne, domin binciken da ake kira ERC, wanda ke duba zane, yakan kama yawancinsu. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Wurin da ya fi haɗari shi ne tsakanin alama da sawu, inda manhajar ba ta da abin dogaro sai lambobi: ƙafa ta 1 a alama ta tafi gurbi na 1 a sawu, shi ke nan. Ɗauki transisto biyu da kowane mai sayar da kayan gyaran rediyo ya sani, 2N3904 da BC547. Jikinsu iri ɗaya ne, ƙafafu uku-uku, aikinsu ma kusan ɗaya, amma jerin ƙafafunsu a juye yake: ƙafar da ke hagu a wannan ita ce ke dama a wancan. Wanda ya zana da alamar ɗaya ya kuma sayo ɗayan ba zai ji gargaɗi ko ɗaya ba, domin lambobi sun dace. Ko kuma AMS1117, ɗan abin nan da ke rage ƙarfin wuta zuwa bolt 3.3 a kan alluna barkatai. Yana da ƙafafu uku da wani faffaɗan harshe a bayansa, wanda a ciki yake haɗe da ƙafa ta biyu, kuma ta nan yake zubar da zafi. KiCad tana da sawun da ya ba harshen lamba 2, tana da wanda ya ba shi lamba 4. Idan aka haɗa alama mai ƙafa uku da sawu na biyun, harshen zai zauna ba zare ba hanya. Allon zai yi aiki a ranar gwaji. Sai an ɗora masa nauyi a ɗaki mai zafi za a ga abin ya fara ƙuna a yatsa.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne yadda ake murna da sakamakon DRC, binciken da ke duba allon kansa. Idan ya ce babu kuskure, abin da yake nufi shi ne allon ya yi daidai da jerin da aka ba shi. Bai ce jerin daidai yake ba. Masana'antar da za ta buga allon ita ma tana gwada shi da allurai masu auna wuta, amma da fayilolin da ka aika mata take kwatantawa. Kuskuren da ya shiga tun daga zane zai wuce kowane shinge da takardar shaida a hannunsa.

Masu toshe gargaɗi suna da hujjarsu, kuma ba hujjar banza ba ce. ERC yana da yawan surutu. Zai ce ƙafar wuta ba ta da mai ba ta wuta alhali tana haɗe da soket, domin bai san abin da za a jona daga waje ba. Maganin wannan wata 'yar tuta ce mai suna PWR_FLAG. Zai yi ƙorafi a kan kowace ƙafar da aka bari da gangan, sai an sa mata alamar gicciye mai cewa ba a bukatarta. Saƙonnin nasa kuma da wani irin Turanci suke zuwa wanda ko mai digiri sai ya karanta sau biyu. Mutum ya ga gargaɗi arba'in, talatin da takwas na wofi ne, ga ranar miƙa aiki ta matso, sai ya bi su da gicciye da tuta har jan rubutu ya ƙare. To, amma gicciyen nan shaida ce mai zane ke bayarwa cewa ya duba ya tabbatar. Wanda ya sa shi a kan ƙafar da ke kunna wani guntu don kawai a yi shiru, ya share gargaɗin da ya fi kowanne amfani, kuma manhajar ba za ta sake tayar da maganar ba.

Wannan ya fi shafar wanda ke Kano ko Zariya ko Maraɗi fiye da wanda ke Shenzhen. Can masana'anta tana bayan gida. Mu kuwa yawanci China ake aika fayil, a biya da dala, a jira makonni, kuma kamfanoni irin su JLCPCB ba sa buga ƙasa da alluna biyar, wato kuskure ɗaya sau biyar zai iso. Idan an yi sa'a, sai a kankare hanya da reza a ɗinke da 'yar siririyar waya, gyaran da ko manyan kamfanoni sun sha yi. Idan haɗin da ya ɓace yana ƙarƙashin guntun da ƙafafunsa ke ɓoye a cikinsa, ko a tsakiyar allo mai hawa huɗu, babu reza babu waya, sai sabon oda.

Abin da nake so malaman da ke duba ayyukan ɗalibai su riƙa nema, kafin hoton allo mai kyau, shi ne jerin gargaɗin da aka toshe da dalilin toshe kowanne. Sauran aikin ba ya bukatar ko sisi. A danna hanya ɗaya a zane, manhajar za ta haskaka duk inda ta kai. A bi ta da ido a ga ko ta isa kowace ƙafar da ake zato. A buɗe takardar bayanin kayan daga kamfanin da ya ƙera shi, ba hoton da aka tsinta a intanet ba, a ƙirga ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, ana lura ko hoton daga sama aka ɗauke shi ko daga ƙasa. Bayan kowane gyara a zane a danna F8 don allon ya karɓi sabon jerin, a danna B don faffaɗan filin jan ƙarfe ya sake cika, sannan a maimaita binciken. Kafin a biya kuɗi kuma, a buga allon a takarda da ainihin girmansa, a ɗora kayan da aka sayo a kai, a ga ko kowace ƙafa ta faɗa gurbinta.