Kanikawan Arlit sun daɗe suna ƙera mota, hukuma ce ba ta san da zamansu ba

A Amurka, idan mutum ya jawo tsohuwar a-kori-kura ƙirar Ford ta shekarar 1948, ya cire injinta ya dasa mata wani mai ƙarfi, ya sauke jikinta ƙasa-ƙasa, ya feshe ta da jan fenti mai ƙyalli, sai a ce ya yi "hot rod". Za a gayyace shi baje-koli, mujallu su buga hotonsa, hukuma kuma ta ba motar lamba. A Arlit ko Akokan, bakanike zai ɗauki shasin Land Cruiser da ya girme shi, ya ɗora masa injin wata motar da ta kife a hanyar Tawa, ya ƙara ganyen sufirin, ya yi waldar tanki na biyu a ƙarƙashin bodi. Motar ta tashi, ta kai kaya Asamaka ta dawo lafiya. Sunan wannan aiki a bakin jama'a "faci". Alhali sana'ar ɗaya ce, ta Arlit ma ta fi wuya, domin motar Ba'amurke idan ta mutu a hanya ana jawo ta gida, ita kuwa wadda ta mutu tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya takan tafi da rayukan waɗanda ke ciki.

Shi kansa abin da ake yi wa kirari a Amurka da talauci ya fara. A shekarun 1930 samarin kudancin Kalifoniya da ba su da kuɗin sabuwar mota suka riƙa sayen tsofaffin Ford masu arha, suna cire duk wani abu mai nauyi, suna gyara inji, su tafi busassun tafkunan hamadar Mojabe su gwada gudu. Bayan yaƙin duniya na biyu sojoji suka dawo gida da ilimin kanikanci da suka koya a bariki, harkar ta bunƙasa. Mujallar Hot Rod ta fara fitowa a 1948. A 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA, kuma babban dalilinsa shi ne raba samari da tsere a kan titin jama'a, a kai su fili mai doka inda ake duba mota kafin ta motsa. Wannan mataki ne ya mayar da wasan 'yan unguwa masana'anta. Can ma da hamada aka fara, da samari marasa kuɗi, da tsofaffin ƙarafa. Abin da suka samu wanda Arlit ba ta samu ba shi ne tsari.

Arlit gari ne da mota ta haifa tare da yuraniyom. An kafa kamfanin Somair a 1968, ya fara fitar da ma'adini a 1971. Cominak ya biyo baya a Akokan a 1974. Duk abin da garin ke ci da wanda yake fitarwa a kan taya yake tafiya, shi ya sa aka shimfiɗa kwaltar Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit mai tsawon sama da kilomita 600, wadda har yau ake kira hanyar yuraniyom ko da yake ramukanta sun fi kwaltar yawa a wurare da dama. Kamfanonin sun horar da kanikawa da masu walda da masu lantarki a garejojinsu, kuma yawancin manyan masu gyara na cikin gari ko dai can suka koya, ko kuma wajen wanda ya koya a can. A shekarun 1970 da 1980 ga kuma Turawa masu ratso Sahara ta Tamanraset da In Gezam da tsofaffin Peugeot 404 da 504, su sayar a Nijar su hau jirgi su koma. Mai rumfar tamfol daga cikinsu, wadda aka fi sani da bashe, ta yi wa ƙauyukan ƙasar nan hidimar da babu motar da ta yi. Kayan gyaranta kuwa ba su yi wuya ba, tunda tun 1975 ake haɗa Peugeot a Kaduna.

Daga baya Toyota ta karɓe hamada. Land Cruiser jerin 70 ta fito a 1984, kuma injin gazuwal mai silinda shida da ake kira 1HZ, mai lita 4.2, ya zo a 1990. Dalilin da ya sa kanikawa ke ƙaunar wannan inji ba boyayye ba ne: ba shi da kwamfuta, famfon mansa na ƙarfe ne zalla, yana shanye gazuwal mai datti bai yi gardama ba, kuma mutum da sufana da haƙuri zai iya warware shi a inuwar motar. Sabbin injunan gazuwal sun fi shi ƙarfi da tsimin mai, amma ƙura kaɗan ko ɗigon ruwa a cikin man ya isa ya kashe allurar feshinsu, kuma sai an jona na'ura kafin a san ciwonsu. Mai cewa a daina wahala da tsofaffin motoci a sayi sababbi, ya fara faɗin inda za a jona wannan na'ura a kan hanyar Cibarakatan.

Haɗa irin wannan mota aiki ne na lissafi, ko da mai yinsa bai taɓa riƙe alƙalami ba. Dasa injin da ba na motar ba yana nufin sake ƙera ƙafafun da zai zauna a kai, da daidaita shi da akwatin giya, da yanke ko ƙara tsawon sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya. Idan sandar ta karkace ko da kaɗan ne, motar za ta riƙa rawa har ta cinye kanta. Inji mai ƙarfi yana son lagireto mafi girma, musamman a garin da zafin bazara ke haura digiri 40. Ana ɗaga bututun shaƙar iska sama saboda ƙura. Ana ƙara ganyen sufirin don ɗaukar durom-durom na ruwa da mai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare yana da farashi. Motar da aka ɗaga ta kuma aka yi mata lodi har sama ta fi saurin kifewa a kwana. Shasin da aka yanke aka haɗa baki da baki ba tare da an goya masa farantin ƙarfe ba, a daidai wurin waldar zai tsage. Birki kuwa shi ne maraya: kowa na tambayar ƙarfin inji, da wuya a ji mai mota ya ce a ƙara masa ƙarfin tsayawa, domin birki ba ya ƙara wa mota kuɗi ranar sayarwa.

A nan ne yabo ya kamata ya dakata. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, akasarinsu mata da yara, da yawa daga yankin Kance a jihar Damagaram. Motocin da suka ɗauko su zuwa Aljeriya ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. An yi zaman makoki na ƙasa, an yi magana kan masu safarar mutane, daga baya aka kafa dokar 2015-36 wadda a ƙarƙashinta aka kama direbobi aka ƙwace motoci masu yawa a Agadas. Dokar ta tura direbobi bin hanyoyin da babu rijiya don kauce wa jami'an tsaro, wato ta ƙara wa inji nauyin da bai kamata ya ɗauka ba. An soke ta a watan Nuwamba na 2023. A tsawon wannan muhawara duka, an yi ta jayayya kan wa ya halatta ya hau mota, tambayar ko motar za ta kai ba ta samu mai ɗaga ta ba. Bakanike nagari da ɗan koyo da ya buɗe gareji jiya duk ɗaya suke a idon fasinja, saboda babu wata shaida da ke bambanta aikinsu.

Akwai kuma wani haɗari da Arlit ta keɓanta da shi, wanda masu hot rod na Kalifoniya ba su taɓa tunaninsa ba. Ƙarfen da mai walda ke saye a kasuwa yana iya kasancewa ya fito daga masana'antar sarrafa yuraniyom. Tun a 2003 cibiyar bincike ta CRIIRAD daga Faransa, tare da ƙungiyar Aghirin'man ta Almustafa Alhasan, ta gano ƙarafa masu gurɓin nukiliya ana sayar da su a garin. Greenpeace ta zo a ƙarshen 2009 ta sake samun irinsu a kasuwa. Bututu ko farantin da ya sha laka mai yuraniyom ba ya wari, ba ya canza launi. Yaron gareji zai goge shi da dutsen wuta ya shaƙi ƙurar, mai walda ya narka shi, a ƙarshe ya zama daɓen bayan mota inda mata da yara za su zauna kwana biyu. Na'urar auna tururin nukiliya ta hannu ba ta kai kuɗin tayoyin Land Cruiser huɗu ba. Babu hujjar da za ta hana hukumar ARSN mai kula da tsaron nukiliya, tare da ma'aikatar magajin gari, ajiye irinta a bakin kasuwar ƙarafa da wanda ya iya aiki da ita.

Sai maganar takarda. Kart giriz ta san mota ɗaya mai shasi ɗaya da inji ɗaya, kamar yadda ta fito daga kamfani. Motar da aka haɗa daga gawarwaki uku ba ta da gurbi a wannan tsari, don haka mai ita yakan yi yawo da takardar ɗaya daga cikin ukun, yana sasantawa a kowane shinge. Ƙasa ta yi asarar haraji, fasinja ya yi asarar kariya, ɓarawon mota kuma ya samu inda zai ɓoye. Ingila na da lamba ta musamman mai farawa da harafin Q da ake ba motar da aka haɗa daga sassa daban-daban har ba a iya tantance shekarunta ba. Jihohin Amurka da dama suna da rajistar motar haɗi. Nijar na iya yin nata: a kawo mota, a duba shasi da birki da sitiyari, a tabbatar sassan ba na sata ba ne, a buga mata sabuwar lamba, a rubuta sunan garejin da ya haɗa ta. Ranar da sunan gareji ya shiga takardar mota, ranar bakanike zai fara ƙin aikin da ya san ba zai kai ba.

Za a ce gwamnati na da abin da ya fi wannan zafi a jihar Agadas, ga tsaro ga rikicin yuraniyom. Gaskiya ne. Sai dai rufe Cominak a ranar 31 ga Maris 2021 ya sallami ma'aikata kusan 600, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila, kuma da yawansu hannunsu ya san ƙarfe. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakatan a 2014, buƙatar mota mai jure hamada ba ta ragu ba. Ga masu sana'a zaune, ga kasuwa tana jira. A Kumasi ta ƙasar Gana, unguwar kanikawa ta Suame Magazine ta zama abin da ta zama ne har da taimakon jami'ar kimiyya ta garin, wadda a farkon shekarun 1980 ta buɗe cibiyar horo a tsakiyar garejojin maimakon ta jira kanikawa su zo aji. Agadas na da makarantar ma'adinai ta EMAIR, tana da jami'a tun 2014, ƙasa kuma na da asusun FAFPA na koyon sana'a. Injin gyaran silinda ɗaya, da na daidaita famfon gazuwal ɗaya, da malamin walda mai takarda, za su yi wa Akokan abin da tarurrukan bita goma a otal-otal na Yamai ba su yi ba.

'Yan Arlit da ke Aljeriya da Libiya da Turai su ma akwai nasu. Abin da aka saba shi ne a turo kuɗi a sayi mota a ba ƙane ya ja, in ta mutu a sake turowa. Da rabin kuɗin ya tafi ga kayan aikin gareji, da ya ciyar da gida fiye da ɗaya. Kuma su ne suka fi kowa sanin yadda ake rububin tsohuwar Land Cruiser jerin 40 a ƙasashen da suke zaune, motar da aka daina ƙerawa a Japan tun 1984, wadda masu tara kayan tarihi ke biyan kuɗi mai tsoka idan an gyara ta tsaf. Irinta na nan a bayan gidaje a Arlit da Cirozerin da Agadas, awaki na kwana a ƙarƙashi, kuma busasshiyar iskar Ayar ta hana tsatsa cin su kamar yadda take cin na bakin teku. 'Yan gwangwan na bi suna saye da kilo. Bashe 404 da ta yi shekara 30 tana kai gero kasuwa ana yanka ta da wuta a wuni ɗaya, ba wanda ya ɗauki ko hotonta. Bikin Ayar da ake yi a Iferwan yana da fili ga raƙumi da takoba da azurfa; da za a ware gefe guda ga motocin da aka haɗa a jihar, a ba da kyauta ga wadda ta fi inganci a gwajin birki da lodi, da samari sun ga cewa akwai suna a cikin sana'ar.

A watan Yuni na 2025 gwamnati ta sanar da mayar da Somair mallakar ƙasa, bayan ta raba gari da kamfanin Orano na Faransa. Wannan ya sa tsofaffin motocin kamfanin, da tarin ƙarafan da ke harabarsa, da garejojinsa masu kayan aikin da babu irinsu a cikin gari, duk sun koma ƙarƙashin ikon Nijar. A da ana iya cewa Bafaranshe ne ya ƙi. Yanzu hukumomin ƙasa ne za su yanke ko waɗannan ƙarafa za a auna su kafin su fita ƙofa, da kuma ko motocin da suka gama aiki za a yi gwanjonsu a fili ga garejojin Arlit ko za a loda su a tirela a yi kudu da su.