Cutar da ta kama garke ba ta tsayawa a ruga



Ɗan uwa, ka duba abin da ya shiga gidanka yau. Nonon da aka dama fura da shi daga ruga ya fito. Naman da ke cikin miya ya bi ta hannun mahauci. Ruwan randa daga rijiya ko famfo aka ɗebo, wani ma daga kogin Binuwai. Idan saniyar tana da ciwo, ko ruwan ya gurɓace, ɗanka ne zai kwanta. Masana lafiya na duniya sun ce a cikin cututtuka 10 masu yaɗuwa tsakanin mutane, kusan 6 daga dabbobi suke fitowa, kuma a cikin sababbin cututtuka 4, guda 3 daga dabbobi ne. Shi ya sa suka fito da tsarin da ake kira Lafiya Ɗaya: likitan mutane, likitan dabbobi da ma'aikacin muhalli su yi aiki tare, kowa ya sanar da ɗan uwansa abin da ya gani tun da wuri.

Mu 'yan arewa mun riga mun ɗanɗana wannan. Dattawa suna tune da bushiyar da ta cinye shanu a farkon shekarun 1980. Da allurar riga-kafi aka yaƙe ta, har a 2011 aka bayyana cewa ta ƙare a duniya. A 2006, murar tsuntsaye ta fara bayyana a Kamaru a jikin agwagi a Marwa. A 2016 ta dawo, ta kashe dubban kaji a gonar Mvog-Betsi da ke Yawunde, masu kiwon kaji da yawa suka karye. A 2010 kwalara ta ɓarke daga Arewa Mai Nisa, ta kama mutum fiye da 10,000 a ƙasar, fiye da 600 suka rasu. Kwalara ta ruwa ce: inda ba masai, inda ambaliya ta kwashe ƙazanta ta zuba a rijiya, nan take samun ƙofa. Wanda ya ga ambaliyar 2012, lokacin da Binuwai ta cika aka saki ruwan madatsar Lagdo, ya san abin da muke faɗi.

To, ina gwamnati? A takarda ba ta yi barci ba. Tun 2012 Kamaru take da tsarin Lafiya Ɗaya na ƙasa. A 2016 aka zauna aka ware cututtuka 5 da za a fi sa wa ido: haukan kare, ciwon saifa na dabbobi, murar tsuntsaye, Ebola da Marburg, da tarin fuka na shanu. Nan kusa da mu, a Bokle, akwai LANAVET, ɗakin bincike da haɗa allurar dabbobi na ƙasa, wanda aka kafa a 1983. Cibiyar Pasteur ma tana da reshe a Garwa. Wato ilimi da ma'aikata suna cikin garinmu.

Yanzu ka tambayi kanka. Idan shanu uku suka faɗi matattu dare ɗaya a rugar maƙwabcinka, wa zai kira? Idan ya kai rahoto aka ce a binne su, wa zai biya shi? Muddin babu diyya, makiyayi zai yi shiru, ya yanka ya sayar da arha, naman ya shiga kasuwa. Kada ka zage shi, dukiyarsa ke nan. Laifin na tsarin da ya bar shi ba mafita ne. Haka idan mahaukacin kare ya ciji yaro a ƙauye: tafiya zuwa gari, kuɗin mota, kuɗin allurai, sai uba ya ce bari mu ga abin da hali zai yi. Alhali wannan ciwo, da zarar alamunsa sun fito, kusan ba mai tashi. Yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara a duniya. Kuma an tabbatar idan aka yi wa karnuka 70 cikin 100 allura a yanki, cutar takan daina yaɗuwa.

Za a ce maka babu kuɗi. A 2001, a Abuja, ƙasashen Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. A 'yan shekarun nan Kamaru ko rabin haka ba ta kai ba. Dokar Disamba 2019 ta ce a miƙa wa jihohi da ƙananan hukumomi aƙalla kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. Ka je meri ka tambaya nawa ya iso. Mutum ɗaya ke kan mulki tun 1982. Lokaci bai yi masa kaɗan ba.

Ga abin da jam'iyyarmu za ta tsaya a kai. Na ɗaya, a kowace kara, tun daga Adumri har Ngong da Pitowa, a sa likitan dabbobi da kayan aiki ranar kasuwa, domin shanunmu suna cakuɗa da na Cadi da Najeriya. Na biyu, a kafa asusun diyya, makiyayi ko mai kaji da ya kai rahoton cuta a biya shi da sauri. Na uku, allurar karnuka kyauta duk shekara, kuma allurar wanda kare ya ciza ta kasance a asibitin kowace gunduma. Na huɗu, a kowace ƙaramar hukuma a riƙa zama duk wata tsakanin likita, malamin dabbobi, ma'aikatan dazuzzukan Binuwai, Faro da Buba Njidda, tare da ardo, sarkin fawa da wakiliyar mata masu tallar nono. Na biyar, a yashe magudanai a gyara rijiyoyi kafin damina, mayanka kuma ta samu ruwa mai tsabta.

Kafin ranar zaɓe, akwai naka aikin. A tafasa madara kafin a sha ko a yi nono da ita. Dabbar da ta mutu farat ɗaya, kada a feɗe ta, a kira malamin dabbobi. Idan kare ya yi cizo, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a garzaya asibiti ran nan. Riga-kafi ya fi magani.

Duk ɗan takarar da ya zo ƙofarka, na meri ne ko na depite, namu ne ko nasu, ka tambaye shi me ya tanadar wa garkenka da rijiyarka. Idan ya miƙo maka sabulu da atamfa maimakon amsa, ka san matsayinsa. Ka adana katin zaɓenka, ka karanta wa wanda bai iya karatu ba, ka fito ka jefa mana ƙuri'a. Allah Ya kare mu da iyalanmu da dukiyarmu daga annoba, amin.