A Kare Macizan Duwatsun Kazaure da Roni

Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da za a binciki macizan da ke duwatsun Kazaure, Roni da Gwiwa, a kuma kare matsuguninsu. Idan saran itace da faɗaɗa gonaki suka raba dutse da dutse, 'yan macizan da suka rage sai su riƙa barbara tsakanin dangi, ƙwayoyin gadonsu su raunana, haihuwa ta ragu. An ga haka a Smygehuk ta ƙasar Suwidin, inda wasu macizai suka kusa ƙarewa, sai da masana suka kawo maza 20 daga wani yanki a 1992 sannan zuri'ar ta farfaɗo. Manomi kuwa ya san ɓarnar ɓera a rumbu, kuma maciji na cikin masu rage masa ita.

Muna kira ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Ɓaɓura da Jami'ar Bayero su ƙidaya nau'o'in macizan, su nazarci jininsu da dafinsu. Gwamnatin Jigawa da Masarautar Kazaure su keɓe wasu duwatsun, a kuma wadata asibitoci da maganin saran maciji, domin a tsare rayukan jama'a.